Kwanciyar Baba Ɗanlami

Shafi na 23

Da sunan Allah. Masu cika min waya da saƙon in tausaya wa Baba Ɗanlami, duk na gani. Ni ba likita ba ce, labari nake bayarwa, kuma yadda ya zo haka zan ajiye shi. Wanda yau ya fara shigowa ya nemi wuri ya zauna, zai gane.

*

Rakshar Taha, wato keken hayarsa mai ƙafa uku, ta tsaya a ƙofar asibitin masu ciwon daji na Gadarif da hantsi, rana ta riga ta fara cizo. Ƙanwarsa Ummusalama ce ta fara dira, ta ware keken marasa lafiya da suka aro a masallacin unguwa. Taha ya sunkuci mahaifinsu kamar buhun da bai cika ba, ya zaunar da shi a kai.

Gwaggo Jummare, yayar Baba Ɗanlami, ita ce ƙarshen sauka, tana gyara lafaya tana ba da umarni.

"Ɗanlami, sunkuyar da kai."

Ya sunkuyar.

"Wa ya ba ka carbi? Mai jan carbi ai da sauran ƙarfinsa. Kawo nan."

Ta zare carbin ta cusa a jaka. Ta ja da baya ta ƙare masa kallo, irin kallon da tela ke yi wa ɗinkinsa.

"Tamam. In Daktora ta yi maka magana kada ka amsa. Nishi kawai. Bayani namu ne."

Baba Ɗanlami ya bar kansa a sunkuye. Dama ya kwana biyu bai ce komai ba.

Taha ya ce zai je ya ɗan yi aiki a tasha ya dawo, ya ja rakshar ya tafi. Ummusalama ta tura keken, a ranta tana yaba mahaifinta. Da farko sai an yi da gaske kafin ya yarda ya kwanta, amma yanzu ya iya abin har ya fi masu koya masa. Ko shekaranjiya da ta leƙa ɗakinsa ba kowa a ciki, ta gan shi ya dafa gefen gado zai tashi, ya koma ya zauna yana haki. Babu mai kallo, amma bai saki wasan ba. Ta yi murmushi ta wuce abinta.

Mafarin wasan kuwa ga shi.

Baba Ɗanlami ya tsufa yana jagorantar masu yankan riɗi a manyan gonakin hanyar Fau. Tari ya kama shi, aka ce ƙurar sussuka ce. Daga baya hoto ya nuna ciwon daji ne a huhu, kuma ya yi nisa. Aka yi masa kimawi, wato maganin dajin da ake ɗurawa ta jijiya, ciwon ya lafa, ya sake tasowa. Duk da haka mutumin nan bai zauna ba. Kullum sai ya taka zuwa kasuwar hatsi ta Gadarif, ya zauna gefen teburin da Ummusalama ke sayar da shayi, ya yi ta musu da dillalai a kan riɗin da ba nasa ba, sannan ya dawo gida da ƙafarsa.

Sai likitarsa, Daktora Wijdan, ta ce akwai wani asibiti a Masar da ke gwajin sabon magani a kan masu irin ciwonsa. Maganin kyauta ne, amma gurbin kaɗan, kuma sai an tantance. Aka aika ɗan abin da aka tsakuro daga huhunsa, aka ce su jira.

Wannan magana ta tantancewa ita ce ta tayar da Gwaggo. Tun da yaƙi ya koro ta daga Madani take bin layin munazzama, masu rabon agaji, har ta zama malama a kai. Ta ga an ba gurguwa tanti an hana mai ƙafa. Ta ga mai tsumma ya tafi da mai da gari, mai wankakkiyar riga ya koma hannu Rabbana. Saboda haka ta yanke hukuncinta: duk inda abu yake kyauta kuma kaɗan, wanda ya fi kowa jigata ake ba.

Ta kwantar da ƙaninta tun riɗi yana fure. Ba masallaci, ba kasuwa, abinci a baki, ko bayi sai an tallabe shi. A cikin gida ma ba sassauci, don ƙanwar wata nas ta asibitin katanga ɗaya ce ta raba su da ita, kuma Gwaggo ta ce masu kyauta ba sa rasa 'yan leƙen asiri. Baba ya yi faɗa, ya yi rantsuwa, sai da Ummusalama ta durƙusa ta yi masa kuka sannan ya kwanta. A zuwansu na baya kuma, da Daktora ta tambaya ko yana iya wanka da kansa, Ummusalama ce ta kalli ƙasa ta ce a'a.

Yau ga shi ana yankan riɗi, Baba yana nan inda aka ajiye shi.

A bencin jira suka tarar da wani dattijo siriri, rigarsa a goge, takardunsa a hammata. Yana ganin Gwaggo ya miƙe ya ba ta wuri.

"Tafaddali, ya Hajja."

Ta zauna tana auna shi daga sama zuwa ƙasa.

"Kai ma maganar Masar ɗin ce?"

"Ita ce. Abdulhakim sunana, malamin makaranta ne ni a Showak. Daktora ta ce in zo yau."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Da ƙafarka?"

Ya yi ɗan tari ya rufe baki da hankici. "Daga tasha ma da ƙafa na iso. Raksha ta yi tsada."

Gwaggo ta karkato wajen Ummusalama ta yi ƙasa da murya, da Hausa.

"Miskin. Ba wanda ya koya masa. Wannan wahalar hanya kawai ya sha."

Ummusalama ta ji tausayin mutumin, amma ba sosai ba. Gurbin da zai rasa na babanta ne.

Nas ta leƙo ta kira sunan Baba.

Ofishin Daktora Wijdan ɗan ƙarami ne, tebur, kujeru biyu, taga ɗaya mai kallon tsakar asibitin. Fanka tana rataye ba ta motsi, don ba wuta. Ita ma Daktorar yaƙi ne ya kawo ta Gadarif daga Khartoum, kuma fuskarta irin ta wanda ya daina mamakin komai ce. Ba ta jin Hausa, da Larabci ake yi da ita.

"Ya Hajj Ɗanlami, yaya jiki?"

Baba ya yi nishi.

"Ai ga shi kina gani, Daktora," in ji Gwaggo. "Sai dai hamdala."

Daktora ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta jawo takardu.

"Sakamako ya zo daga Masar. Zan faɗa muku dalla-dalla, ku bar ni in kai ƙarshe."

"Muna ji."

"Ciwon huhu sunansa ɗaya, amma ba iri ɗaya ba ne. Maganin nan wani iri yake nema, mai wata alama a cikin ƙwayoyinsa. A cikin mutane da yawa sai a samu kaɗan masu ita. Na Hajj yana da ita."

"Alhamdu lillahi!"

"Hantarsa lafiya. Ƙodarsa lafiya. Hoton kai bai nuna ciwon ya hau can ba. Suna kuma son wanda aka yi wa kimawi ciwon ya dawo, shi ma ya cika wannan."

Ummusalama ta damƙe hannun keken. Ta riga ta fara tunanin wa za ta bar wa teburin shayi, da yadda za a yi da takardar tafiya.

"Amma ba zan tura sunansa ba."



"Na'am?" in ji Gwaggo.

"Ba zan tura ba, ya Hajja. Ko na tura ba za su karɓa ba."

Gwaggo ta matso bakin kujera. Wannan fage ne da ta sani. Ta ga masu rajista da yawa sun fara da a'a sun ƙare da to.

"Daktora, ki ji tsoron Allah, ki dubi bawan Allahn nan. Mutumin da ko cokali ba ya iya ɗagawa! Juya shi muke yi kamar jariri. Wallahi jiya ko ruwa da ƙyar ya wuce."

Daktora ta ɗauki biro. "Ruwa ma ba ya wucewa?"

"Ɗigo-ɗigo! Da cokalin shayi!"

"Tun yaushe?"

"Ya kwana biyu. Ko, Ummu? Dare kuwa ba ma barci. Duk Gadarif ba ki da majinyacin da ya kai shi, na rantse miki."

Daktora ta rubuta wani abu ta ajiye biron.

"To wannan ya ƙara tabbatar min."

"Ya tabbatar miki da me?"

"Ya Hajja, mutanen nan ba sadaka suke rabawa ba. Gwaji suke yi. Su kansu ba su gama sanin maganin ba, shi ya sa suke gwadawa. Yana da ƙarfi, yana iya kayar da mai ƙarfi ma. Don haka ba sa ɗaukar wanda ya riga ya kwanta."

"Ba sa... me?"

"Suna son wanda yake tashi da kansa. Ya yi wanka, ya sa riga, ya ci abinci, ya taka ya fita. Wanda yawancin yininsa ba a kan gado yake yi ba. Wannan sharaɗi ne, kamar na hanta da na ƙoda. In babu shi, sauran duk ba su da amfani."

Ummusalama ta saki hannun keken.

Gwaggo ta tafa hannu. "La haula! Magani sai mai lafiya? To marar lafiyar fa, a ba shi me?"

"Marar lafiya muna nan tare da shi. Akwai na rage zafi, akwai na sauƙaƙa numfashi. Ba za mu yar da shi ba."

"Ba shi muka zo nema ba."

"Na sani." Daktora ta sake duban Baba. "Da a ce yadda na fara ganinsa ne, lokacin da yake shigo min yana faɗa da mai gadi a kan layi, da yau ɗin nan sunansa ya tafi. Ban taɓa ganin wanda jikinsa ya zube da sauri haka ba alhali takardunsa suna da kyau. Ma'alesh, ku yi haƙuri. Ciwon nan haka yake wani lokaci."

Ummusalama ta buɗe baki. Gwaggo ta kai hannu ta mintsine ta a cinya, ta yi magana da Hausa tana murmushi don kada a gane.

"Kada ki ce uffan."

"Gwaggo, ba ki ji abin da ta ce ba?"

"Na ji. Dabara ce. Gwada mu take yi."

"Gwaggo..."

"Ke kin san su ko ni? Haka wani ɗan munazzama ya yi wa wata mata a gabana. Ya ce an gama rabo, kowa ya tafi. Tana miƙewa da ƙafarta ya soke sunanta. Ki yi shiru, yanzu za ta sauko."

Ummusalama ta yi tsuru-tsuru. Gwaggo ba mahaukaciya ba ce. Duk abin da suka ci a gidan nan a watannin da kasuwa ta mutu, wayon Gwaggo ne ya kawo shi. In ta yi magana kuma ya zamana tarko ne, ita ce ta hana babanta magani da bakinta. In ta yi shiru ya zamana ba tarko ba ne, nan ma ita ce.

Ta dubi Daktora. Matar ba ta jira su ba ma, ta rufe takardun Baba ta tura su gefe. Mai kafa tarko ba ya kawar da ido haka.

"Daktora," in ji ta, "in ba shi ba, wa za ki tura?"

"Gurbi ɗaya suka ba ni, kuma yau suke rufewa. Akwai wani a waje. Nasa sakamakon bai kai na Hajj kyau ba, amma ya shiga sharaɗi, kuma yana kan ƙafarsa."

Mai gogaggiyar riga. Wanda ya tako daga tasha. Wanda ba a koya wa ba.

"Daktora, ƙarya muka yi."

"Ummusalama!"

"Ƙarya muka yi, wallahi. Babana yana tafiya. Babana yana cin abinci da hannunsa, ruwa kuwa kofi guda yake shanyewa. Har kasuwar hatsi yake zuwa da ƙafa ya dawo. Mu muka kwantar da shi."

"Kun kwantar da shi?"

"Mun zaci wanda ya fi jin jiki ake ɗauka. Ranar da kika tambaye ni wanka, ƙarya na yi miki. Ni na yi, da bakina."

Daktora Wijdan ba ta yi faɗa ba. Ta jingina da kujera ta ɗaga kai tana kallon fankar da ba ta juyawa.

"A nan kawai yake kwanciya, in za ku zo?"

"A'a. Har a gida."

"Kullum?"

"Kullum. Dare da rana."

"Tun yaushe?"

"Tun riɗi yana fure."

Daktora ta sauke kai. Ba ta dubi Ummusalama ba, ba ta dubi Gwaggo ba. Ƙafafun Baba ta duba, inda suka leƙo daga ƙasan jallabiya. 

Gwaggo ta miƙe tsaye. Ta daina Hausa, ta koma Larabci, don yanzu so take a ji.

"To, an faɗa. Ni na sa su. Kada ki ga laifin yarinya, ni ce. Na bar gidana a Madani da tukunya a kan wuta. Mijina yana can a ƙasa, ban san ko kabarin yana nan ba. Wannan da kike gani shi kaɗai ya rage min, ni na goye shi. Abin da na gani da idona a layi shi na yi aiki da shi. In laifi ne ki rubuta a kaina."

"Ba inda zan rubuta, ya Hajja. Zauna."

"Ba zan zauna ba."

"Ni ma na tsaya a layin nan. Na san yadda ake yi." Daktora ta murza idonta. "Amma nan ba can ba ne."

Gwaggo ta zauna.

Ummusalama ta matso. "To yanzu kin ji gaskiya. Ki gyara, ki tura sunansa."

"A'a."

"Daktora, na rantse miki..."

"Wancan karon ma kin kusa rantsewa. Daga bakinki na rubuta, kuma laifina ne da ban tsaya na gani da idona ba. Yau ba zan rubuta daga bakin kowa ba."

"Amma gaskiya ce!"

"Wataƙila. Ki saurare ni. In na tura shi a kan maganarki, can ma sai sun sake dubawa da kansu. In bai yi musu ba su dawo da shi. Ya sha wahalar hanya a banza, gurbin ya tafi, na wajen ma ya rasa. Mutum biyu ke nan na cuta da biro ɗaya."

"Yaya Jummare."

Duk suka juya. Muryar ta dushe don rashin amfani, amma ta Baba Ɗanlami ce. Ya ɗago kai.

"Ba ni carbina."

Gwaggo ta buɗe jaka ta miƙa masa, ba musu. Ya karɓa ya juya wajen Daktora.

"'Yata, tun da aka fara maganar nan kowa yana yi ban da ni. Ina da tambaya."

"Yi, ya Hajj."

"In na je, warkewa zan yi?"

"A'a. Ba wanda zai yi maka wannan alkawarin, duk wanda ya yi maka kuwa maƙaryaci ne. Wataƙila ya tsayar da ciwon na wani lokaci. Wataƙila bai yi komai ba. Wataƙila ya wahalar da kai."

"Kwayyis, da kyau. Sai me?"

"Can kuma ƙuri'a ake yi. Wasu su samu sabon maganin, wasu su samu wanda aka saba bayarwa, don a gwada a gani wanne ya fi. Ba kai za ka zaɓa ba, ba ni ba."

"Ƙuri'a?" in ji Gwaggo. "Duk wannan wahalar a kan ƙuri'a?"

Baba ya yi 'yar dariya da ta koma tari. Da ya lafa ya goge baki.

"Noman damina ma ai ƙuri'a ne, Yaya. Ban taɓa ƙin fita ba."

"Kuma kai za ka sa hannu," in ji Daktora. "Ba 'yarka ba, ba yayarka ba. Duk ranar da ka ce ka fasa, ka fasa, ba mai riƙe ka."

"Yau dai an tambaye ni."

"To ina tambayarka. Kana so?"

Ya ja carbin ɗaya, biyu.

"Ina so. Na gaji da kallon rufin ɗaki. In ma tafiyar ce ta zo, ta same ni a hanya."

Daktora ta jawo takardunsa daga gefe ta sake buɗewa. Ta nuna tagar da biro.

"To tashi ka je bakin tagar can, ka dawo ka zauna. Da kanka. Kada kowa ya taɓa shi."

Ummusalama ta sauke ajiyar zuciya. Taga? Tagar da ko tabarma biyu ba za a shimfiɗa tsakaninta da keken ba? Mutumin da yake ratsa rabin Gadarif don ya je ya yi musu? Har murmushi ya suɓuce mata. Ta durƙusa ta sauke ƙafafunsa daga matakin keken, ta ja da baya ta rungume hannu.

"Bismillahi," in ji Baba.

Ya dafa hannuwan keken ya yunƙura. Jikinsa ya rabu da kujerar kaɗan. Gwiwoyinsa suka kama rawa, rawar ta hau har kafaɗa. Ya tsaya a haka, bai miƙe ba bai zauna ba, sannan ya koma daɓas.



Ya huta. Ya sake yunƙurawa. Wannan karon ko rabuwa da kujerar bai yi ba.

Ummusalama ta yi 'yar dariya, ta sunkuyo ta yi masa Hausa.

"Baba, an gama fa. Daktora ta sani, na faɗa mata komai. Ba sai ka yi ba yanzu."

Haki kawai yake yi.

"Ɗanlami," in ji Gwaggo, "na sake ka. Ka ji? Na ce na sake ka. Tashi abinka."

"Baba, don Allah ka daina. Tashi kawai yadda ka saba."

Ya ɗago ya dube ta. Ba fushi a idonsa, ba zargi. Da akwai, da ta fi samun sauƙi.

"Ummu, ni ai na daɗe da daina yi."

"Daina me?"

"Wasan. Da farko yi nake yi. Daga baya ban san ranar da ya zama gaske ba."

"A'a, Baba..."

"Shekaranjiya da kika leƙo kika yi murmushi, tashi nake son yi."

 Ummusalama ta dafa teburin Daktora. Duk abincin da ta kai masa baki, duk ranar da ta mayar da shi gado tana cewa ya yi haƙuri saura kaɗan, duk suka dawo mata a lokaci ɗaya. Tana tsammanin gadinsa take yi, ashe ƙafafunsa take kwashewa kaɗan-kaɗan. Kunya da tsoro suka cika ta har kukan ya ƙi fitowa.

Gwaggo Jummare, wadda ba a taɓa rasa magana a bakinta ba, ta ja lafaya ta rufe fuska.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Nas ta leƙo.

"Daktora, Ustaz Abdulhakim yana tambaya ko ya shigo. Ya ce motar Showak ba ta jira."

 Biron yana hannun Daktora Wijdan, bai taɓa takarda ba. Ta dubi tagar, ta dubi tsohon.

Baba Ɗanlami ya naɗe carbin a wuyan hannunsa. Ya gyara zaman ƙafafunsa a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Ummusalama ta kawo hannu za ta tallabe shi, ya girgiza kai.

"'Yata," ya ce wa nas ɗin, "ki ce wa Ustaz ya ɗan jira."

Ya sake dafa hannuwan keken.